Tsohuwar Kwamfutar Lilian da Kabarin Mama Rhoda

Dubeli, Jimeta
9 ga Maris

Ƙawata Lilian,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Mama da 'yan ajinki. Yaya kunnen? Kin koma wurin likita, ko har yanzu kina kan bakanki cewa guda ɗaya ya ishe ki jin gulmar Ganye? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi. Zafin bana ko awaki ba sa fita da rana. Tsohuwata Dada tana gaishe ki, Baban Nahla ma haka. Ita kuwa Nahla cewa ta yi in tambaye ki ko mangwaro ya nuna a wajenku, kin san gaisuwarta ba ta wuce cikinta.

Na san abin da za ki ce da Bobboyi direba ya miƙa miki ambulan: Khadijah ba ta rubuta takarda sai tana son wani abu. Ba ki yi ƙarya ba. Da kina jin waya da na kira ki tuntuni. Da kuma cikin nan bai tsufa ba, da ni za ki gani a ƙofar gida maimakon takarda. Likita ya ce ni da hanyar Ganye sai bayan na sauka.

Kin tuna Baba Hosea? Dogon dattijon nan ɗan Michika da ya iso harabar cocin da kike yi wa mutane rajista, shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola. Tare ya zo da matarsa Mama Rhoda, wadda kullum sai ta kwance miki ɗankwali ta sake ɗaurawa, wai ɗaurinki bai kama kai ba. Ita ce ta rasu bayan Kirsimeti, ke kika raka ta makabarta. To shi bai taɓa komawa gida ba. Yana unguwar Shagari Low Cost, a ɗakin baya na gidan wani ɗan garinsu. Ranar Talata sai ga shi a shagona, ina tsaka da koya wa 'yan mata aikin kwamfuta. Ya tsufa, Lilian. Idon ya yi yana, sai da na faɗi sunana sannan ya saki fuska.

Ɗansa Boaz ya gyara gidansu na can, yana so ya tafi da shi kafin ruwa ya sauka, kuma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Abu ɗaya ya riƙe shi. Yana so ya sa dutse mai suna a kabarin matarsa kafin ya bar garin, amma bai san wanne ne nata ba. Gicciyen katako kuka kafa mata a lokacin, ita da sauran baƙin da aka jera a layi ɗaya cikin watannin nan. Shi kuma ya yi doguwar jinya bayan rasuwarta. Kafin ya miƙe gara ta ci katakon, wutar ciyawa ta ƙarasa sauran. Wanda ya haƙa kaburburan ma ya rasu. Kin san abin da yake yi tun daga lokacin? Duk shekara sai ya ɗauki fartanya ya share layin gaba ɗaya, don kada ya bar nata cikin ciyawa. Da ya faɗa mini haka sai da na tashi na shiga bayan labule kamar mai neman wani abu.

Mu a wajenmu kabari ba suna, in an rufe mutum an bar shi da Ubangijinsa, don haka da farko na so in ba shi haƙuri irin namu. Sai na ga ba shi ya zo nema ba. Ya ce ya tuna yarinyar nan mai farar kwamfuta ta ɗauki hoto ranar. Ke ce yarinyar, malama, ko da yake na ji an ce furfura ta fara leƙo ki.

Ga inda matsalar take. Kin tuna Masauki, 'yar manhajar da na rubuta mana don mu daina rubuta sunayen mutane a bayan kwali. Kowa da kwamfutarsa: ta ofishin kwamitinmu na agaji Windows ce, tawa Linux, taki Mac. Manhajar ɗaya ce a cikinsu duka, amma rumbun bayanan, wato inda sunaye da hotuna suke taruwa, ba a wuri ɗaya kowace take ajiye shi ba. Manhajar tambayar kwamfuta take yi ina ake ajiya a gidan nan, kowace kuma da amsarta, kamar yadda Dada take ɓoye makulli a kwalla, Mamarki a ƙarƙashin filo. Windows tana kai shi wata jaka mai suna AppData, Linux wata jaka da sunanta ya fara da ɗigo, Mac kuma Library. Dukkansu a ɓoye suke, mai kwamfuta ba ya ganinsu sai ya nema da gangan.

Duk ƙarshen mako muna zuba namu a ta ofis, don haka can na fara nufa. Na same ta a gidan tsohon sakatarenmu, jikokinsa suna kallon fim da ita. Ashe bayan kwamitin ya watse ta yi nauyi, ya kai ta wurin mai gyara. Kin san aikinsu. Ya kwashe abin da ido yake gani, takardu da hotunan biki, ya yi mata fomatin, ya mayar da su, ya ce komai yana nan. AppData kuwa ko sanin tana wurin bai yi ba. Na yi ta faɗa har sakatare ya sa aka kawo mini ruwa, alhali shi ma ba laifinsa ba ne. Tawa tana nan da ranta, amma mutanen da aka sauke a unguwar Adarawo ne kawai a ciki, inda na yi aiki. Ni ba na shiga makabarta, kin sani. Hotunan can duk ke kika ɗauka.

Saura taki. Na san tana ƙasan akwati tun bayan bam ɗin kasuwa da ya tafi miki da kunne ya kuma raba ki da Jimeta, na san ba kya son ko ganinta. Ba zan ce ki turo mini ita ba. Abin da ke cikinta naki ne, kuma ban yarda da bayan motar Bobboyi a wannan zafi ba. Ga caja nan a leda, da ƙyar na samo irinta, ga kuma sabon filash. In kin ji za ki iya, ki kunna ta. In ba za ki iya ba ki faɗa mini kai tsaye. Ni zan san abin da zan gaya wa dattijon, kuma ba zan riƙe ki a rai ba.

Ki gaida Mama da kyau, ki ce mata man zafin da ta aiko ya yi wa gwiwar Dada amfani. Allah ya bar zumunci.

Taki kullum,
Khadijah


Dubeli, Jimeta
20 ga Maris

Lilian tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama. Yaya aiki, yaya fama da yara ga jarrabawa ta matso? Mu lafiya. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin Baban Nahla nake sawa, shi kuma ya ƙi ya daina dariya.

Saƙonki ya iso. Kafin komai, na gode. Kin rubuta cewa sai da kika zauna kina kallon akwatin tun bayan tashi daga coci har rana ta yi sanyi kafin ki buɗe, kuma da kwamfutar ta yi ƙarar nan tata ta kunnawa ba ki ji ba, Mama ce ta ji daga tsakar gida. Na karanta wurin nan ya fi sau ɗaya. Na san ba ƙaramin abu na roƙa ba.

Yanzu kuma bari in yi miki tsiya, don kin ci. Na sa filash ɗin a kwamfutata da bismillah, sai na tarar da manhajar kawai kika kwafo mini. Manhajar da ni na rubuta, Lilian. Kin aiko mini da faranti, tuwon yana Ganye. Ba laifinki ba ne, kowa haka yake zato, cewa in ya ɗauki abin da yake dannawa to ya ɗauki abin da ke ciki. Ni ce na yi miki dogon bayani ban gaya miki inda za ki taɓa ba.

To ga shi dalla-dalla. Kada ki buɗe Masauki tukuna, in tana buɗe ki rufe ta, don ba a kwasar rumbu ana cikin rubutu a kansa. Ki duba can sama inda aka rubuta Go, ki danna, sannan ki danne maɓallin Option da yatsa ki riƙe. Za ki ga Library ta fito a jerin, da kin saki ta ɓace. Ki shiga, ki nemi Application Support, a ciki akwai jaka mai suna Masauki. Jakar gaba ɗaya nake so, kada ki tsaya zaɓe. Akwai fayil ɗaya na sunaye, akwai kuma wata jakar ta hotuna a gefensa, in kin raba su sunayen za su zo mini ba fuska.

Baba Hosea ya mayar da shagona wurin hira. Da hantsi yake zuwa, ya zauna a bencin bakin ƙofa, ba ya tambayata komai. In na ce har yanzu shiru, sai ya gyaɗa kai ya ce ba gaggawa. Shi ne ba ya gaggawa, ɗansa kuwa yana yi. Boaz ya zo da kansa shekaranjiya. Mutumin kirki ne, amma ya gaji, ga gona tana jiransa, ga hadari ya fara haɗuwa a wajensu. Shawarar da ya kawo ita ce a sa dutsen a kan wanda uban ya fi zato, wani da ke kusa da itacen darbejiya, tunda Allah ya san wadda ake nufi. Ni a raina na ga maganar ba ta da laifi. Uban ya bar shi ya gama, sannan ya ce in ya kuskure fa? Ya ɗora sunan Rhoda a kan matar wani ko ɗan wani, wata rana nasu su zo nema su ga an riga su. Ya ce gara ya tafi ba dutse da ya ƙwace wa wani kabari. Boaz ya fita waje ya daɗe yana kallon titi.

Sun tsayar da magana a kan bayan Ista. In ba a samu komai ba zuwa lokacin, zai bi ɗansa haka nan. Ban gaya miki don in ɗora miki nauyi ba, na gaya miki ne don ba na ɓoye miki abu.

Nahla ta ce a gaya miki ta haddace karatun da kika aiko mata. Ki huta lafiya.

Ƙawarki,
Khadijah


Dubeli, Jimeta
2 ga Afrilu

Ƙawata, 'yar'uwata Lilian,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, da Mama da kowa. Ina fata zuciyarki ta ɗan yi sanyi tun bayan takardar da kika rubuto. Kada ki yaga wannan kafin ki kai ƙarshe, na san halinki.

Na ga abin da kika ce. Kin bi duk inda na nuna miki, kin sami jakar, kin tarar da ɗan fayil ɗaya ba hoto ko guda. Kin kasa haƙuri kin buɗe manhajar, ta fito fari fat, ba sunan kowa. Kin ce ji kika yi kamar mutanen nan sun sake mutuwa a hannunki, kuma kada in ƙara tambayarki zancen kwamfutar nan. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushin kaina da na sa ki buɗe akwatin a banza. Ranar ban iya kallon bencin bakin ƙofa ba, na ce wa 'yan mata su gaya wa dattijon ba na jin daɗi.

Duk da haka kin turo jakar, don ke ba kya barin aiki rabi. Washegari na sa filash ɗin, ba don ina sa ran komai ba. Sai idona ya faɗa kan ranar da aka ƙirƙiri fayil ɗin. Watan jiya ne, Lilian, ranar Lahadin da kika fara kunna kwamfutar. Na tabbata kin danna manhajar a ranar kafin ki kwafo mini ita. Wannan ba tsohon rumbunmu ba ne da aka share. Sabo ne. Haka na gina Masauki: in ta duba ma'ajiya ba ta ga komai ba, sai ta buɗe sabon rumbu ta yi shiru, kamar yau aka fara aiki. To me zai sa ta duba ta rasa?

Ina zaune ina juya abin, sai wata ɗalibata ta yi ƙorafi cewa aikin da ta ajiye jiya ya ɓace. Na leƙa, na ga da sunan wata ta shiga kwamfutar. Ina buɗe baki in yi mata faɗa sai na tsaya. Malam Nico. Kin tuna? Duk safiya in kin buɗe farar kwamfutar nan, sunan da take nunawa Nicodemus ne, har muka laƙaba miki Malam Nico, kina jin haushi. A lokacin ba taki ba ce, aro kawunki ya ba ki don aikin rajista. Na sha ce miki ki buɗe sashenki da sunanki, kika ce kayan aro ba a sa masa suna. Ita kuwa Library ba ta kwamfutar gaba ɗaya ba ce. Duk mai suna a kwamfuta da tasa, kamar ɗaki da ƙofarsa. Aikinmu duk a ɗakin kawunki kika yi shi. Ranar nan ɗakinki kika shiga, shi ya sa kika tarar da shi wayam.

Ban tsaya ba, na hau Keke Napep da wannan cikin nawa na tafi gidan Kawu Nicodemus. Yana nan yadda kika san shi, da rediyonsa da faɗan siyasa. Abin da nake tsoro shi ne ko an goge sashensa lokacin da ya bar miki kwamfutar. Ya ce yana tune sarai. Kina gadon asibiti ya ce ta zama taki, ɗansa ya buɗe miki sabon sashe, ya saita ta ta riƙa shiga da sunanki kai tsaye. Yaron ya so ya goge na uban don a sami fili, ke kuma da kanki a naɗe da bandeji kika hana. Wai ba a goge sunan babba yana raye. Na san ba za ki tuna ba, kwanakin nan ba ki san inda kike ba. Shi kuwa bai manta ba, har ya cire tabarau ya goge da yana ba ni labarin.

Kalmar sirrin tana cikin ƙaramin ambulan da ke cikin wannan. Ya ƙi faɗa da baki, ko da yake daga ni sai kyanwarsa a falon. Ya rubuta, ya liƙe, ya sa hannu a kan liƙin, tsohon ma'aikacin gwamnati ba ya tuba.

Ki danna hoton tuffa da ke kusurwar sama, ki fita daga sunanki. Za ki ga sunaye biyu. Ki shiga nasa, sannan ki bi hanyar nan dai ta ranar, Go da Option da sauransu. Ba sai kin buɗe manhajar ba, ba sai kin kalli hoto ko ɗaya ba. Ki ja jakar ki jefa a filash ki rufe. Ba zan rantse miki cewa yana nan ba, shekarun da yawa. Amma ban ce wa Baba Hosea komai ba tukuna, don haka in babu, ni da ke kawai za mu sani.

Ki yafe mini da na sake tambaya bayan kin ce kada in sake. Ki gaida Mama.

Taki, mai taurin kai,
Khadijah


Dubeli, Jimeta
15 ga Afrilu

Malam Nico,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, Mama tana lafiya, yara sun gama jarrabawa sun bar ki kin huta. Mu nan alhamdu lillahi. An yi yayyafi shekaranjiya, garin ya ɗan sarara. Kwandon mangwaro ya iso, Nahla ta ce ki ji da kyau, ke ce babbar ƙawarta a duniya, ni ina bayanki.

Filash ɗin kuma da kika cusa a tsakiyar mangwaro kamar mai safarar zinariya, shi ma ya iso. Na ga ba ki rubuto komai ba sai layi ɗaya, cewa kin kalla, duka kin kalla. Ban san me zan ce miki a kan wannan ba, sai dai in rungume ki in mun haɗu.

Na kwafe jakar wuri uku kafin in taɓa ta. Sannan na ɗauke nawa rumbun na Adarawo gefe, na zuba naki a jakar nan mai ɗigo inda Linux take nema, na buɗe Masauki. Suka fito, Lilian. Sunaye da garuruwa da fuskoki, mata da jarirai a bayansu, tsofaffi a kan tabarma a harabar coci. Na ga Mama Rhoda ranar da suka iso, tana harararki don kin ce ta kalli kyamara.

Kin tuna yadda nake yi miki masifa kan hotunan makabarta? Na ce ki ɗauki gicciye da suna kawai, ke kuma sai kin ja da baya kin ƙara wani mai faɗi, da katanga da itace da komai, kina cika mini wuri. To na janye masifar. Da na jera masu faɗin nan bisa kwanan wata, sai ga layin yana tsawo a gabana, kabari bayan kabari, kowane sabon hoto yana nuna gicciyen da suka riga shi da sunayensu. Daga ginshiƙin katanga aka fara. Ba wurin kuskure.

Na buga hotunan manya a takarda. Jiya da safe muka tafi, ni da Baban Nahla da Baba Hosea da Boaz. Ni a bakin ƙofa na tsaya, a inuwa, katangar gajeriya ce ina hango su. Ginshiƙin yana nan, darbejiyar ta yi girma har ba ki gane ta. Baban Nahla ya riƙe takardun, Boaz yana bin layin yana dubawa, uban yana biye da su da sandarsa. Layin fes, ko tsinke babu, ga na gefe duk ciyawa ta rufe. Suka wuce wanda ke kusa da itacen, wanda Boaz ya so a sa wa dutse. Suka tsaya a na gaba da shi, shi ne na Mama Rhoda.

Ba abin da dattijon ya yi na a zo a gani. Ya ba ɗansa sandar, ya durƙusa a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya daɗe a haka. Boaz ne ya juya baya yana share fuska da hula. Baban Nahla ya ce mini daga baya ya ji tsohon yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, kamar mai ba da labarin gida.

Na zaci shi ke nan. Sai ga shi ya taso ya nufo ni a bakin ƙofa, ya dafa katanga, ya tambaye ni ko kwamfutar ta san sauran ma. Na ce ta sani. Ya ce to in karanta masa, daga farkon layi, kada in yi sauri. Da ma na zo da ita, na zauna na buɗe ta a kan cinyata na fara. Duk sunan da na faɗa sai ya maimaita, ya juya ya nuna wurin da hannu, ya tambayi garinsu. Akwai ɗan Madagali, akwai wata daga Hong, akwai tsohon da suna ɗaya kawai muka samu nasa. Wanda ke kusa da itacen, wanda ya fi daɗewa a kansa duk shekara yana zaton matarsa ce, wata yarinya ce Keturah, ba ta kai shiga makaranta ba. Da na faɗa sai ya ce ashe jika yake ta yi wa shara, kuma Rhoda ba za ta ji haushi ba, da ma ita mai son yara ce. Ya ce shekara da shekaru yana ce musu maƙwabta in zai gaishe su, don bai san yadda zai kira su ba, yau ya sani.

A hanyar dawowa ya sa Boaz ya yi masa alkawari. Dutsen Mama Rhoda za a yi, amma sauran ma kowa zai sami ɗan ƙarfe mai suna, irin wanda gara ba ta ci. Boaz bai yi musu ba. Kawu Nicodemus ya ce zai yi magana da mutanen cocinsu a kan sharar layin bayan tsohon ya tafi. Ni kuma na zauna na gyara Masauki. Yanzu da an buɗe ta, ko a wace kwamfuta ce, tana rubuta inda ta ajiye rumbunta ɓaro-ɓaro a ƙasa, in kuma sabo ta buɗe sai ta faɗa.

Asabar ta bayan Ista za a kafa dutsen, washegari su kama hanyar Michika. Ya ce in gaya wa yarinyar mai farar kwamfuta yana so ta tsaya a wurin, don ita ce ta raka Rhoda ranar farko. Na ce masa zan faɗa, ban yi masa alkawari ba, kuma ke ma ba na neman ki yi mini. Na san abin da Jimeta take a wurinki. Amma ni iyakata bakin ƙofa, kin sani, kuma sunayen nan suna bukatar wanda zai karanta su daga ciki.

Dada ta sa an share ɗakin baƙi, wai don ƙura kawai. Bobboyi kuma ya ce kujerar gaba taki ce ranar Juma'a, ba zai ba kowa ba sai ya ga ba ki fito ba. Na gaya masa kunnen hagu ne mai ji, ya ce ai shi ne ma yake kallon direba.

Ki gaida Mama, ki ce mata na gode da aron 'yarta. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Khadijah